Mako Guda a Gidan Tafi-da-Gidanka

Idan aka ce wani ya tafi hutu a Ingila, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne jirgin sama da otal mai hawa goma. To, hutun talakan Ingila ba haka yake ba. Dubban iyalai a wani dogon akwati suke yin nasu, wanda suke kira karaban, a bakin teku. Mu ma tun da aiki ya kai mahaifinmu birnin Notingham, irin wannan hutun muka sani, kuma shi nake so in ba ku labari, 'yan'uwana ɗalibai.

Karaban gida ne na tafi-da-gidanka. Akwai ƙarami wanda ake ɗaura wa mota a ja, akwai kuma babba wanda ake girkewa wuri guda a riƙa ba da haya. Babban muke kamawa. Tsawonsa bai wuce ƙafa 35 zuwa 40 ba, faɗinsa kamar ƙafa 12, amma a ciki akwai falo, madafa, banɗaki da ɗakunan kwana biyu ko uku. Kujerar falo ma idan an ja ta gado take komawa. Ana jera irin waɗannan gidaje ɗaruruwa a fili guda, layi-layi, kowane da lambarsa, ga kanti, ga wurin wasan yara, ga wurin ninƙaya. Kalmar karaban kuwa daga harshen Farisa ta samo asali, kuma ma'anarta ayari. Shi ya sa Baba ba ya kiran wurin da komai sai zango. Yakan ce kakanninsa fatake ne, shi ma bai daina sauka a zango ba.

Zangon namu yana kusa da garin Sikegnes, a gabar Tekun Arewa, tafiyar kamar awa biyu daga Notingham. Wurin ya daɗe da zama matattarar masu hutu. A ƙauyen Ingolmels da ke maƙwabtaka da shi Billy Butlin ya buɗe sansanin hutunsa na farko a 1936, shekara biyu bayan haka kuma, a 1938, majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka kan bai wa ma'aikata hutu tare da albashinsu. Da ƙananan ma'aikata suka samu hutu da ɗan abin kashewa, sai suka nufi bakin teku. Har yau akasarin maƙwabtanmu a zango irinsu ne: direbobi, magina, masu aikin kanti da jikokinsu.

Kada ku ɗauka wurin aljannar duniya ce. Ruwan tekun ko a watan Agusta sanyi gare shi kamar na randa a cikin hunturu, kuma launinsa ya fi kama da na kogi da damina. Iska ba ta hutawa, shi ya sa aka kakkafa manyan fankokin samar da lantarki a cikin tekun, kana hango su daga gaɓa. Ruwa yakan janye ya bar yashi mai nisa, sannan ya dawo, sau biyu a kowace rana, don haka ba a shiga sai tsakanin tutocin nan masu ja da rawaya inda masu ceto ke sa ido. Abin da ya fi ba Umma dariya shi ne jakuna. A can layi ake bi, a biya kuɗi, don yaro ya hau jaki na 'yan mintoci. Ta ce da ta sani da ta taho da na gidan kakanmu ta yi arziki.

To me ya sa muke ɗokin wurin tun daga watan Janairu, lokacin da Baba ke fara tara kuɗin? Dalilin yana cikin irin zaman da muke yi sauran makonni 51 na shekara. Baba ma'aikacin jinya ne, kuma yawanci aikin dare yake yi. Lokacin da muke fita makaranta yake shigowa, lokacin da muke dawowa yana barci, kafin mu gama aikin gida ya sa takalmi. Umma na aikin rana. Yaya na ɗakinsa da kwamfuta, ni ina nawa da waya, Auta na gaban talabijin. Gida ɗaya muke, amma sai a yi kwana uku ba mu haɗu mu biyar a kan kwano ɗaya ba.

A karaban babu inda za ka ɓuya. Bangon ɗaki siriri ne, idan Yaya ya yi atishawa kowa zai ce masa sannu. Banɗaki ɗaya ne, dole a bi layi a yi alwala. Falon ba ya ɗaukar sahu biyu sai an ɗage teburi, Baba a gaba, mu a bayansa kafaɗa da kafaɗa, muna fuskantar kudu maso gabas. Intanet kuma rauni gare ta, idan jama'a suka yi yawa sai ta tsaya cak. Ranar farko mukan yi ta gunaguni. Zuwa rana ta uku sai ka ga wayoyi a kan taga babu mai taɓa su.

Abinci daga gida muke tafiya da shi, don naman halal ba ya samuwa ko'ina a yankin. Umma takan daskarar da miyar kuka da ta taushe, ta zuba a kula, ta haɗa da garin tuwo da kwalbar yaji. Rana ɗaya tak muke sayen soyayyen kifi da dankali, abincin da Turawa ba sa zuwa bakin teku ba su ci ba. Mukan barbaɗa masa yaji mu ci muna kare takardar da hannu, saboda tsuntsayen teku sun fi shirwa iya fizge.

Ranar da aka fi jin daɗi ita ce ranar ruwan sama. Rufin karaban ƙarfe ne, idan ruwa ya sauko sai ka rantse kana ƙarƙashin kwano a Zariya cikin watan Agusta. A irin wannan daren, shekara uku da suka wuce, Baba ya kashe fitila ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ni da Yaya muka amsa. Auta, wanda a Ingila aka haife shi, ya yi shiru, don bai san me ake cewa ba. Yana da shekara bakwai, yana jin Hausa sama-sama, amma da Turanci yake mayar da amsa. Na ga yadda fuskar Baba ta canza ko a cikin duhun. Bai yi faɗa ba. Ya koya masa amsar, ya maimaita har sau uku, sannan ya shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, yana tsayawa yana fassara.

Tun daga ranar aka kafa doka: a zango ba a Turanci bayan magariba. Wanda ya yi kuskure shi zai wanke kwanuka. Auta ya sha wanke-wanke a shekarar farko. A bara kuwa shi ya ba mu tatsuniya, da Hausarsa mai karkacewa, har ya rufe da ƙurunƙus. A dararen nan ne kuma muka ji abubuwan da ba mu taɓa sani ba: yadda Baba ya yi tallan rake don ya biya kuɗin jarrabawa, da sunayen kakanninmu har zuwa na huɗu, waɗanda na rubuta a bayan littafin lissafina.

Bana Yaya zai tafi jami'a a wani gari, kuma ya riga ya ce zai nemi aiki a lokacin dogon hutu. Wataƙila wannan ne zuwanmu na ƙarshe mu biyar. Baba bai ce komai a kai ba, sai dai na lura ya kama mako guda cur, ya kuma karɓi ƙarin aikin dare don ya cike kuɗin.

Na san da yawa daga cikinku a ƙauye kuke yin dogon hutu, a ɗakin kaka, ku takwas a kan tabarma biyu, babu wuta babu sabis, kuna ƙirga kwanakin komawa birni. Mu sai mun biya kuɗi mun yi tafiyar awa biyu muke samun irin wannan matsin. Idan kun je bana, ku tafi da littafi da biro, ku tambayi tsofaffin gidan sunan kakan kakanku da sana'ar da ya yi, tun suna nan da za su faɗa.