Gadin Ƙarfe 12 Zuwa 4

Ni dai tun muna yara ban ɗauki aikin soja a bakin komai ba in ban da hagu-dama da tsawa. Saboda haka ran da yayana, wanda nake bi, ya sami shiga Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, kuma aka ce ɓangaren sojan ruwa zai yi, har dariya na yi masa. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwarmu ba, me ya haɗa shi da teku? Da ni kuma na shigo jami'a sai na riƙa ganin ai ni ne mai karatu a gidanmu, shi kuwa sai dai goge takalma da fareti. Dare ɗaya a asibiti shi ya raba ni da wannan tunani, kuma labarinsa nake so in ba ku, ko da yake ba ni ne na fita kunya a cikinsa ba.

Lokacin hutunmu na bara aka kwantar da Baba. Yaya kuwa a lokacin ya koma Kwalejin Sojan Ruwa da ke Onne, a Jihar Ribas, domin ci gaba da horo, sai ya nemi izinin 'yan kwanaki ya zo. Da isowarsa ya tarar kowa yana jinya, amma ba wanda ya san lokacin wane ne. Bai yi wa kowa faɗa ba. Sai ya sayo littafin rubutu na 'yan makaranta, ya raba mana kwana kashi-kashi, awa huɗu-huɗu, ya ce kowane awa mai gadi ya rubuta abin da ya gani: zafin jiki, abin da Baba ya ci ko ya sha, da inda ƙarin ruwa ya kai.

Na ce masa, "Yaya, nan fa asibiti ne, ba bariki ba."

Ya yi murmushi, ya ce haka ake yi a jirgin ruwa. Jirgi ba ya barci, saboda haka ake raba ma'aikatansa suna karɓa-karɓa, awa huɗu-huɗu. Gadin ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 kuwa akan raba shi biyu, don lokutan su riƙa juyawa, kada mutum ɗaya ya dawwama a kan gadin tsakar dare kullum. Ya ce mai karɓa yakan zo kafin lokacinsa, a yi masa bayanin halin da ake ciki, sa'an nan ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓa. Kafin ya faɗi haka, duk abin da ya faru yana wuyan na farko, kuma ba shi da ikon barin wurin ko da lokacinsa ya wuce.

Ni aka ba ƙarfe 12 na dare zuwa 4 na asuba. A ranar na iso daga makaranta, na wuni cikin mota, amma girman kai ya hana ni in ce na gaji. To, barci ɓarawo ne. Abin da na sani shi ne na duba agogo wajen ƙarfe 1 saura, na jingina kaina da gado. Da na farka ƙarfe 3 ta wuce, ledar ruwa ta ƙare, jini ya biyo robar, bayan hannun Baba ya kumbura, jikinsa kuma ya yi zafi. Na ruga na kira ma'aikaciyar jinya, ta gyara. Sa'an nan na ɗauki littafin nan, hannuna yana rawa, na cike layin ƙarfe 1 da na 2 da na 3, kowanne na rubuta "lafiya lau".

Ƙarfe 4 saura kwata sai ga Yaya. Ya karanta littafin, ya dubi hannun Baba, ya jawo ni waje. Ya ce, "Ƙarfe 2 idonka biyu?" Na ce ƙwarai kuwa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ledar ruwa ba ta ƙarewa a gaban mai ido biyu."

Na zaci zai rufe ni da faɗa irin na soja. Amma sai ya yi magana a hankali. Ya ce barci a kan gadi babban laifi ne a dokar soja, kuma akan hukunta mai shi, amma a wurinsu akwai abin da ya fi shi muni, watau rubuta ƙarya a littafin jirgi. Dalili kuwa, wanda ya yi barci awa biyu ya cuci awa biyun nan ne kaɗai, amma wanda ya rubuta ƙarya ya cuci duk wanda zai zo bayansa, domin da rubutun nan za a yi lissafin inda jirgi yake da inda ya nufa. Ya ce, "Da safe likita zai karanta wannan. In ya ga lafiya lau, alhali kuwa zazzaɓi ya tashi ba mu san tun yaushe ba, da me zai yi aiki?"

Ya miƙo mini biro. Ya ce a wurinsu ba a goge kuskure, ba a kuma yage shafi. Layi ɗaya ake ja a kansa yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Haka na yi. Na rubuta, "Na yi barci, ban san abin da ya faru ba." Ban taɓa rubuta jimlar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba, ni da nake taƙama da nahawu. Sai bayan na sa hannu ya ce, "To, na karɓa. Je ka kwanta."

Da gari ya waye Inna ta ga hannun Baba, ta tambayi wa ke gadi. Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Inna, laifina ne. Ni na tsara lokutan, ban tambaye shi ko ya huta ba." Da muka keɓe na ce ai ba shi ya yi barcin ba. Ya ce abin da ake koya musu ke nan: kyaftin ko yana barci a ɗakinsa, in jirgi ya yi karo shi za a fara tambaya, shi ya sa yakan bar umurni cewa in mai gadi yana shakkar wani abu, ya tashe shi ko ƙarfe nawa ne. Hafsa kuma tilas ya san halin mutanensa, wa ya ci, wa ya huta, wa ke da damuwa a gida, kafin ya ɗora musu aiki. Ya ƙara da cewa, "Kai kuma da ka ce mini ka gaji, da na canja ka. Wannan shi ne naka laifin na farko."

Likita ya karanta littafin, ya yi 'yan tambayoyi, ya sa aka sake auna jinin Baba. Bayan kwana 6 aka sallame mu.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ne ke cika baki a kan shugabanni, muna cewa ba su da gaskiya, ba sa ɗaukar laifinsu. Amma mu nawa ne muka taɓa sa wa aboki hannu a takardar halartar lacca alhali yana ɗaki yana barci? Mu nawa aka ba riƙon kuɗin ƙungiya ko rubuta bayanin taro, muka cike gurbi da abin da ya sawwaƙa? Ni dai na yi, kuma da ban ɗauke shi komai ba. Yanzu in aka miƙo mini takardar nan, sunana kaɗai nake rubutawa, har wani abokina ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana.

Littafin yana nan cikin akwatina a ɗakin kwana. Da Yaya zai koma Onne na raka shi tasha, ya ce in ajiye shi, kada in yage shafin.