Tukunyar Asiya a kan murhun gidanmu



A wajenmu idan mace ta yi jiki, yabo ake yi. Sai a ce ta huta, gidan miji ya karɓe ta, hankalinta kwance yake. Idan kuwa ta ragu, ko da kilo uku ne, sai a shiga tambaya ƙasa-ƙasa: ciwo ne, ko kishiya ce, ko kuwa hannun maigidan ne ya ƙafe? Saboda wannan kallo ne har yau ake samun ƴan mata suna sayen ƙwayoyin ƙiba a wajen masu tallar magani a tire, alhali da yawa daga cikin ƙwayoyin an yi su ne don wasu cututtuka dabam, kuma suna kumbura fuska, su tayar da hawan jini da sukari. Ke nan macen da ta haura shekara hamsin, ta ce za ta rage jiki da gangan, ta shirya fama biyu: ɗaya da cikinta, ɗaya da danginta.

Ni ina cikin waɗannan mata. A watan Oktoba na 2023, bayan ciwon gwiwa ya fara sa ni yin sallar nafila a zaune, aka auna ni a asibiti a nan Yamai: tsawona mita 1,62, nauyina kilo 89, ƙuguna santimita 104. Likitan ta yi lissafin a gabana. Ana ɗaukar nauyi a raba shi da tsawo, abin da ya fito a sake raba shi da tsawo. Wanda ya samu 25 ya fara yin nauyi, wanda ya kai 30 ya shiga ƙiba. Ni na tashi kusan 34. Jinina ya hau, sukarin jinina kuma yana bakin ƙofa, bai shiga ba tukuna. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ciwon sukari ne ya tafi da ganinta kafin ya tafi da ita, don haka ban bukaci dogon bayani ba. Abin da likitan ta ce shi ne: "Hajiya, ba na neman ki koma budurwa. Ki sauke kilo shida ko bakwai, ki riƙe su a sauke."

Daga baya na fahimci inda wannan adadi ya samo asali. A garin Daqing na ƙasar Sin, tun daga 1986, an bi mutane 577 masu irin halina na tsawon shekara shida, aka ga waɗanda suka gyara cimarsu ko suka riƙa motsa jiki sun fi sauran tsira daga ciwon. Wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002 ya sa wa mutanensa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 na kilo 89 kuwa kilo shida ne da ɗan ɗori.

Girkin Asiya ya shigo gidana ne ta hannun ɗiyata, wadda ta yi shekara huɗu tana karatu a Maleshiya. Da na faɗa mata abin da likita ta ce, ba ta kawo mini wani shayin rage ƙiba ba. Kicin ta shiga, ta ɗauko madambacin da muke dambu da shi, ta ce: "Inna, rabin abin da na gani a can da irin wannan tukunya ake yinsa." Gaskiyarta. Mu mun tsare madambaci ga dambu da alala, su kuwa mutanen kudancin Sin har kifi suke turarawa a ciki, da kaza, da ƙwai, da ganye iri-iri.

Kifin nan shi ne abin da na fi so, kuma zan tsaya a kansa. Ana samun karfasa sabuwa daga kogi, ko yankan giwan ruwa, a wanke, a tsattsaga bayanta, a cusa siraran yankan ɗanyar citta a cikin tsagar da kuma cikin cikinta. A ɗora a faranti, a sa farantin cikin madambaci bayan ruwa ya tafasa sosai, a rufe. Minti goma zuwa sha biyu sun isa ga matsakaiciyar karfasa. Idan ya wuce haka naman ya yi tauri kamar roba. A zubar da ruwan da ya taru a farantin, domin a cikinsa ƙarnin yake. Sai a barbaɗa ganyen albasa da aka yanka sirara, a zafafa cokali ɗaya na man gujiya har ya fara hayaƙi, a kwarara a kai. Ƙarar da yake yi da ƙamshin da ke tashi su ne suka fara jawo maigidana zuwa ga wannan faranti, shi da ya rantse ba zai ci "kifin marasa lafiya" ba. Cokali ɗaya na mai ga kifin mutum uku. Ku kwatanta da kaskon da muke nutsa kifi a ciki.

A nan lissafin yake. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na shinkafa ko gero ko nama maras kitse kuwa bai kai rabin haka ba. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, kusan daidai da giram ɗari na dafaffiyar shinkafa. Ludayin man da muke zubawa a miya, wanda muke so mu ga yana yawo ja a samanta don kada a ce mun yi rowa, ya fi malmalar tuwon da ke gefensa nauyi a jiki. A gidana, mu tara, litar mai kwana biyu take yi a da. Yanzu tana kai kwana biyar, kuma a tsadar man yau wannan ma abin godiya ne.

Abu na biyu da na ɗauka shi ne romo mai ruwa-ruwa. A Indunusiya suna da romon kaza da suke kira soto ayam, wanda ake dafawa da kurkum da citta da tafarnuwa da ciyawar lemun nan da muke sa wa a shayi, a yayyaga kazar, a zuba shu da ɗan dafaffen ƙwai, a matsa lemun tsami. A Biyetnam akwai pho, romon ƙashin saniya da ake dafawa awanni ana kwashe kitsen da ya taso. Musulmin Sin, ƴan ƙabilar Hui, su ne suka shahara da romon naman sa na birnin Lanzhou, garau kamar ruwan shayi. Duk ba su yi nisa da farfesunmu ba. Bambancin shi ne mu muna ɗaukar farfesu abin marmari ko abincin mai jego, su kuwa a wajensu ƙwarya guda ta romo da ganye da ɗan taliya ita ce kalacin. Nakan sha irin wannan da dare sau uku ko huɗu a mako, in bar wa yara tuwonsu.

Wasu abubuwan ma namu ne, suna kawai suka sauya. Abin da suke kira tofu shi ne awararmu ta Maraɗi da Damagaram, sai dai mu soyawa muke yi, su kuwa sau da yawa yankawa suke yi su jefa a romo fara sol. Gado-gado na Indunusiya dafaffen ganye ne da miyar gujiya, wanda duk wadda ta taɓa kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli za ta gane shi da gani ɗaya. Ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa ita ce dai ke ruɓar da waken soya ya zama natto na mutanen Japan. Har nem ɗin da ake sayarwa a bukukuwan Dakar da Abijan da Yamai yana da tarihi da mu: sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kai yaƙin Indocin tsakanin 1946 da 1954, wasunsu sun komo da matan Biyetnam, musamman zuwa Senegal, kuma daga hannun waɗannan mata ya bazu. Sai dai nem soyayye ne. Ɗan uwansa maras suya, wanda ake naɗe salati da karoti da na'ana'a da ɗan nama a cikin jiƙaƙƙiyar takardar shinkafa, shi ne na mai neman sauƙin jiki.

Kada dai a ɗauka duk abin da ya fito daga Asiya magani ne. Ƙasar Sin ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sukari, sama da miliyan 140 a ƙididdigar 2021, Indiya na biye da ita. Farar shinkafa farar shinkafa ce, ko da sanduna aka ci ta. Taliyar leda da yaranmu ke so, wadda aka ƙirƙiro a Japan a 1958, galibi soyayya ce tun daga masana'anta, ga gishiri fal a ƙullin kayan ƙamshinta. Ruwan soya ɗin nan baƙi kuwa, ga mai hawan jini, a yi hattara da shi ƙwarai: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, babban cokali ɗaya na ruwan soya kuma ya kusa cinye rabin wannan. Ni ƙa'idata ita ce, ranar da ruwan soya ya shiga tukunya, dunƙule da gishiri ba su shiga. Lemun tsami da citta da tonka suna cike gurbin.

Akwai kuma batun halal, wanda ba a wasa da shi. Girke-girken Sin da Biyetnam da yawa da naman alade ko kitsensa ake yinsu, wasu kuma ana ɗiga musu giyar shinkafa, har a cikin kifin da na bayyana a sama. Ni lemun tsami nake sawa a madadinta. Shi kansa ruwan soya da aka tsima yakan ƙunshi ɗan burbushin barasa daga tsimin, shi ya sa nake duba kwalba in nemi tambarin halal na hukumomin Maleshiya ko Indunusiya kafin in saya. Wadda ta yi shakka ta tambayi malaminta. Girkin waɗannan ƙasashe biyu ya fi kwantar mini da hankali, tunda yawancin mutanensu Musulmi ne, ko da yake su ma suna da nasu soye-soye da madarar kwakwa mai nauyi.

Game da auna ci gaba, kaye na ƴan lakwal na saya, na ja masa layi. Kowace Juma'a bayan sallar asuba, kafin in sa komai a bakina, da zane ɗaya a jikina, nakan hau sikeli in rubuta. Ba na hawa kullum, domin nauyin mutum yana iya motsawa da kilo ɗaya ko fiye tsakanin safiya da dare, saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji, kuma wanda ya bi wannan hawa da sauka zai wahalar da zuciyarsa a banza. Farkon kowane wata kuma nakan ɗauki awon tela in zagaya ƙuguna daidai saman cibiya. Likitocin Ingila sun ba da shawara a 2022 cewa kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Nawa ke nan ya kamata ya sauka ƙasa da santimita 81, tafiya na da nisa. A Japan, tun 2008, awon ƙugu yana cikin binciken lafiyar shekara-shekara ga ƴan shekara 40 zuwa 74.

Wata huɗun farko na sauke kilo shida, wato ƙasa da rabin kilo a mako. Daga nan sikeli ya tsaya a 83 har mako bakwai, kamar an kafe shi da ƙusa. Da ba don layin awon tela ba, da na karaya. Shi ya nuna mini ƙugu ya ragu da santimita biyu a cikin wannan tsayuwar. A gefen shafi nakan rubuta abin da ya faru a makon: suna a gidan maƙwabta, biki a Dogon Dutsi, baƙi daga Tawa. Da na duba baya sai na ga makonnin biki su ne makonnin hawa, kuma hawan yakan sauka da kansa cikin kwana goma idan na koma ga tukunyata. Tun daga lokacin nake cin abincin biki ba tare da fargaba ba, a ƙaramin faranti.

Azumin 2024 ya zo da nasa gwajin, domin teburin buɗa-baki a gidajenmu kasuwar suya ce: ƙosai, fanke, dankali, nem, ga lemu mai sukari. Ɗiyata ta ba ni labarin cewa a tsibirin Okinawa akwai al'adar tashi daga abinci tun ciki bai gama cika ba, kashi takwas cikin goma. Na ce mata ai mu ma muna da hadisin da Tirmizi ya ruwaito a kan kasa ciki kashi uku, wanda kowa ya haddace, kaɗan ne ke tunawa da shi bayan kiran magariba. Na riƙa buɗe baki da dabino uku da ruwa da ƙwaryar romo, in yi sallah, sannan in dawo ga sauran. Yawanci kafin in dawo yunwar ta riga ta kwanta.

Dangi kuwa sun yi abin da na zata. Yayata ta taso takanas daga Maraɗi, ta ja ni ɗaki ta ce: "Ke, faɗa mini gaskiya, me likita ya gani? Ko Alhaji ne ya sauya miki?" Na buɗe mata kayen, shafi bayan shafi, da takardun asibiti. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in auna ta ita ma, amma kada in faɗa wa kowa abin da sikeli ya ce. Ban faɗa ba. Ta koma da ɗanyar citta da ƙaramin faranti mai shiga madambaci.

A watan Disamba na 2024 na tsaya a kilo 78, ƙugu santimita 92, kuma a nan nake kai-komo tun daga lokacin. Sukari ya ja da baya daga bakin ƙofa. Maganin hawan jini ina nan ina sha, domin likita ba ta ce in daina ba, sai dai ta rage mini shi. Nafila kuma a tsaye nake yinta. Kayen farko ya cika, na biyu ya kai rabi, kuma a cikinsa na ƙara layi ɗaya na maigida, wanda yake hawa sikeli ranar Juma'a bayan na sauka, yana cewa shi duba lafiyar sikelin kawai yake yi.