Zaɓen Wurin Horo ga Likita Mai Burin Zama Manazarci

Kimiyyar harshe ita ce fannina, amma shekarun da na shafe ina duba kundayen ɗalibai sun nuna mini cewa hanyar zama manazarci ɗaya ce, ko harshe mutum yake nazari ko cuta. Shi ya sa idan matasan likitoci na cikin dangi suka nemi shawarata game da inda za su je horon ƙwarewa, ba na yin shiru.

Likita a Nijeriya yakan sami shaidar ƙwarewa daga kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci da aka kafa a 1979, ko daga takwarorinta na Afirka ta Yamma. Kafin ya kammala, sai ya rubuta kundin bincike. To, amma kundi ɗaya ba ya mayar da mutum manazarci. Wanda ke son ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa da bincike a jami'a, abu uku nakan ce ya duba.

Na farko shi ne lokaci. Aikin asibiti ba ya ƙarewa, kuma majiyyaci ba ya jira. Idan ba a keɓe wa mai koyo lokacin bincike a rubuce ba, to jinya za ta cinye shi. Ƙasashen da suka yi nisa sun fahimci haka. A Ingila akwai tsarin da ke ware wa likita mai horo kashi 25 cikin ɗari na lokacinsa don bincike. A Amurka kuwa, wasu tallafin da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ke bai wa matasan likitoci suna da sharaɗin ba da kashi 75 cikin ɗari.

Na biyu shi ne malami. Ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa tun da can malami suke bi, duk inda yake zaune. Alal misali, Brian Greenwood ya yi kimanin shekara goma a Zariya daga 1970 yana nazarin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, kafin ya koma Gambiya a 1980 ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta can. Wanda ya zauna kusa da irin wannan malami yakan koyi yadda ake tsara tambaya, da tattara bayanai, da jure gyara. Saboda haka, a tambaya: ɗalibai nawa malamin ya yaye, kuma ina suke yanzu? Me suka wallafa da sunansu a gaba?

Na uku shi ne abin da za a tarar bayan an gama. Wanda ya ƙware a kan na'urar da babu ita a jami'ar da zai koma, ya sayi sirdi ne ba doki.

Wannan magana ta shafe ku, ku masu shirin zama malamai. Wata rana za ku nemi ƙarin karatu, kuma sunan makaranta zai ja hankalinku. Kafin ku cike takarda, ku binciki wanda zai duba aikinku, ku kuma ji ta bakin waɗanda suka riga ku zama a gabansa. Suna linzami ne, amma zama da madaukin kanwa shi ke kawo farin kai.