Göppingen, garin da ake ƙera jirgin ƙasa mai shiga akwati

A kudancin ƙasar Jamus, cikin jihar Baden-Württemberg, akwai wani kwari mai tsawo wanda kogin Fils ya ratsa. Wanda ya shiga jirgi a tashar Stuttgart ya nufi gabas, bayan tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka, zai sauka Göppingen, gari mai mutum kusan dubu 60. Daga arewa, dutsen Hohenstaufen mai tsayin mita 684 ya tsaya a kansa kamar mai gadi. A bisa wannan dutse ne gidan sarautar da ya haifi sarki Barbarossa ya samo sunansa, ko da yake fādar ta zama kango tun lokacin da talakawa manoma suka ƙone ta cikin tawayen 1525. Shi ma garin gobara ta cinye shi a 1782, aka sake gina shi bisa tsari, shi ya sa titunan tsakiyarsa suke miƙe, suna gicciye juna kamar gidajen dara.

Mutanen wannan yanki, waɗanda ake kira Suwabawa, an san su da tattali da son aikin hannu. Layin dogo ya iso musu a 1847, kuma gaba kaɗan, a hawan Geislingen, jirgi yana hawa mita guda cikin kowace mita 44 da rabi, abin da aka ɗauka babbar bajinta a wancan zamani. Garin yana da manyan masana'antu, kamar Schuler mai ƙera injunan matse ƙarfe, da TeamViewer na harkar kwamfuta. To amma sunan da ya kai Göppingen ƙasashen duniya shi ne Märklin, gidan da ke ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da wutar lantarki a bisa tebur.

Asalin gidan maƙera ne. A 1859 wani maƙerin gwangwani, Theodor Friedrich Wilhelm Märklin, ya soma ƙera ƴan tukwane da murahu na wasan ƴan mata. Da ya rasu a 1866, matarsa Caroline ta riƙe sana'ar, tana yawon talla gari gari har ƴaƴanta Eugen da Karl suka karɓi ragama a 1888. A kasuwar baje koli ta Leipzig, cikin 1891, suka fito da dabarar da kowane ɗan kasuwa zai gane amfaninta nan take. Kafin su, jirgin wasa abu ne da ake saya sau ɗaya, yaro ya gaji da shi ya yar. Su kuwa sai suka tsayar da faɗin layi guda, suka riƙa sayar da shi gutsure gutsure, ta yadda wanda ya sayi kan jirgi bana zai dawo baɗi neman tarago, baɗin baɗaɗa neman tasha da gada. Mai saye ya zama abokin ciniki na shekaru, wani lokaci har ɗansa ya gaje shi.

Daga nan sai aka yi ta rage girma, domin gidajen Turai ba su da fili. A 1935 Märklin ya fito da ma'aunin da aka sani yau da H0, inda kowane abu ya ragu sau 87, faɗin layi kuma milimita 16,5. A farkon shekarun 1960 kamfanin Arnold na Nuremberg ya kawo ma'aunin N, ragi sau 160 bisa layi mai milimita 9. Märklin ya mayar da martani a kasuwar kayan wasa ta Nuremberg a 1972 da ma'aunin Z, wanda ya yi wa laƙabi Mini-Club. An zaɓi harafin ƙarshe na abajada ne bisa zaton ba wanda zai sake ƙera abin da ya fi shi ƙanƙanta. Zaton ya yi shekara talatin da ƴan kai yana tsaye, sai a 2006 wani kamfanin Japan, Eishindo, ya nuna ma'aunin T mai ragi sau 450 da layi na milimita 3.

Lissafin Z ba shi da wuya. Komai ana raba shi gida 220. Faɗin layin dogo na gama-gari a Turai milimita 1435 ne. Idan aka raba, sai a samu milimita 6,5, ƙasa da kaurin fensir. Mutum mai tsawon mita 1,76 yana komawa milimita 8. Taragon fasinja mai mita 26,4 yana komawa santimita 12, alhali kuwa a H0 ya haura santimita 30. Kilomita guda na hanya tana buƙatar mita huɗu da rabi. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a 2021, mai kilomita 284 kuma mai wannan faɗi na 1435, da za a shimfiɗa shi cikin ma'aunin Z, da zai ci kusan kilomita guda da mita 300. Wannan ya nuna cewa ko da ƙaramin ma'auni irin wannan, mai sha'awa ba ya kwaikwayon ƙasa baki ɗaya. Yanki guda yake zaɓa, tasha ɗaya, ko gada, ko bakin rami.

Baƙon da ya je Göppingen a yau, gidan tarihin kamfanin zai nufa, wanda ake kira Märklineum, aka buɗe shi a 2021 jikin masana'antar. A ciki an jera kayan shekara fiye da ɗari da hamsin: murahun ƴan tsana na farko, jiragen ruwa na gwangwani da aka yi wa fenti da hannu, jiragen ƙasa masu wani irin na agogo, da kan jirgin nan na ƙasar Suwis mai dogon hanci gaba da baya, wanda ake kira Kada, ya zama kamar tambarin gidan tun shekarun 1930. Wajen kayan Z, mutum sai ya sunkuya. Ƙaramin kan jirgin gawayi na samfurin 89, wanda aka soma da shi a 1972, bai kai santimita 5 ba, amma ƙafafunsa shida suna juyawa, sandunan gefensa suna kai da komo kamar na gaske. A 1978 wani kan jirgin Z ya ja tarago shida na tsawon awa 1219 ba tsayawa, ya ci kilomita 720, aka shigar da shi kundin bajinta na Guinness.

Masu kallon ba yara ba ne yawancinsu. Dattawa ne masu furfura, injiniyoyi, likitoci, ma'aikatan da suka yi ritaya, wasu riƙe da hannun jikoki. Duk bayan shekara biyu, cikin watan Satumba, garin yakan cika da irinsu lokacin bikin da kamfanin ke shiryawa, inda ake kawo jiragen gawayi na gaske tashar garin, a buɗe ƙofar masana'anta ga jama'a. A nan ne mutum ke ganin yadda ake narka tutiya a zuba cikin zubi, a goge, a fesa fenti, a buga rubutun da ido ba ya karantawa sai da gilashin ƙara girma, sa'an nan a harhaɗa da hannu.

Wanda abin ya shiga ransa har yana so ya fara, hanyar da masana suka fi ba da shawara ita ce sayen kwalin farawa: kan jirgi guda, tarago biyu ko uku, layi mai zagaye, da na'urar rage wuta mai maɓallin gudu. Kayan ba su da arha, domin ƙanƙanta ba ta rage kuɗin aiki, ƙara shi take yi. Kwali guda yana iya lashe albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka gaggawa ba ta da amfani. Lanƙwasa mafi matsi a layin Märklin tana da milimita 145 daga tsakiya zuwa gefe, wato da'irar santimita 29, don haka allon katako mai faɗin santimita 40 da tsawon 60 ya isa farawa. Akwai ma kamfanin Noch da ke sayar da gari sukutum, da tsaunuka da rami, cikin akwatin hannu irin na ma'aikacin ofis. Sai dai dogayen taragu sun fi jin daɗin lanƙwasa mai 195 ko 220, kuma wanda ke da fili ya fi kyau ya zaɓi waɗannan tun farko.

Wutar da Z ke ci ba ta wuce bolt 10 ba, mai gudu hanya guda, tana shiga ta ƙarfen dama ta fita ta na hagu. Idan aka juya ta, jirgi ya koma da baya. Na'urar wutar H0 ta Märklin ta fi ƙarfi kuma irin wutarta dabam ce, wanda ya haɗa ta da kan jirgin Z ya ƙone shi. Haka nan nauyi. Kan jirgin Z giram kaɗan ne, ba shi da ƙarfin danne layi, don haka hawan da ya wuce santimita 2 cikin kowace mita yana sa ƙafafu su yi ta juyawa wuri ɗaya. Allo ya zama shafaffe, mahaɗar layi ta zauna daram, domin tudun da ido bai gani ba yana iya kayar da tarago. Game da gudu kuwa, sabon shiga yakan murɗa maɓalli har ƙarshe, jirgi ya yi ta zagaye kamar ɓera. Jirgin gaske mai gudun kilomita 100 a awa, a ma'aunin Z santimita 13 kawai yake ci cikin daƙiƙa guda.

Babban abokin gabar wannan sana'a shi ne ƙura. Wurin da ƙafa ke taɓa layi bai kai kan allura ba, ta nan ne kuma wuta ke bi. Ƙwayar rairayi guda tana isa ta tsayar da jirgi. Idan mutanen Jamus, da ƙasarsu mai dausayi, suna kuka da ƙura, mai zaune a Tawa ko Damagaram lokacin hunturu ya san abin da ke jiransa: sai da murfi na gilashi ko akwati mai rufewa. Ana goge layi da tsumma marar gashi da ɗan alkol, ba a kai masa takardar yashi, domin tana barin zane inda datti zai zauna. Mai kuma ɗigo guda ne a bakin allura. Tsofaffin kawunan jirgi da suka daɗe a ajiye, mansu yakan daskare ya riƙe injin, abin da mai sayen na hannu ya kamata ya bincika kafin ya biya. Sauran kayan aiki ba su da yawa: matsefata, burushi mai laushi, fitila mai haske, gilashin ƙara girma, da haƙuri. Wanda idonsa ya soma rauni ko hannunsa ke rawa, ma'aunin N zai fi masa sauƙi, kuma kayansa sun fi yawa a kasuwa. Ban da Märklin, kamfanin Rokuhan na Japan da American Z Line na Amurka suna ƙera kayan Z, amma maƙalin da ke haɗa tarago da tarago ba iri ɗaya ba ne tsakanin na Turai da na Amurka.

Tarihin gidan na baya-bayan nan yana da nasa darasin ga masu dukiya. Märklin ya sayi abokan hamayyarsa, Trix a 1997 da LGB a 2007, a daidai lokacin da yara suka juya ga wasannin kwamfuta, masu saye kuma suna tsufa. A 2006 iyalan da suka gaji kamfanin suka sayar da shi ga wasu masu zuba jari na Ingila, Kingsbridge Capital. Ranar 4 ga Fabrairu 2009, shekarar da gidan ke cika 150, ana jajibirin buɗe kasuwar Nuremberg, kamfanin ya kai kansa kotu ya ce ba ya iya biyan bashi. Labarin ya girgiza garin, domin akwai gidajen da kaka da uba da ɗa duk a nan suka ci abinci. Aka naɗa lauya Michael Pluta ya riƙe ragama, aka rage ma'aikata, aka ci gaba da aiki. A 2013 Michael Sieber, mai kamfanin kayan wasa na Simba Dickie, tare da ɗansa Florian, suka saye shi, ya sake komawa hannun iyali. Ana ƙera kaya a Göppingen da kuma Győr ta ƙasar Hangari.

Abin da ya hana gidan rushewa ba ɓoyayye ba ne. Layin Z da aka saya a 1972 yana haɗuwa da wanda aka ƙera bana, tsohon kan jirgi yana jan sabon tarago. Mai saye ya san kuɗinsa ba su faɗa rijiya ba, shi ya sa bai gudu ba ranar da bankuna suka ja baya. Alkawarin da ƴaƴan Caroline suka ɗauka a Leipzig, cewa ma'auni ba zai sauya ba, shi ne jarin da ya rage wa gidan lokacin da sauran suka ƙare.