Yammacin Alhamis A Wudil

Yau labarin tafiya zan ba ku, ko da yake tafiyar ba mai nisa ba ce.

Da aka ba mu dogon hutu sai na shirya na tafi Wudil gai da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure can tun ban san kaina ba. Wudil tana kudu maso gabas da Birnin Kano, kilomita 40 da 'yan kai, a kan hanyar Maiduguri. Na shiga mota ran Alhamis da hantsi. Muka wuce Mariri inda ake cinikin goro, muka wuce Gano, ko'ina dawa da gero sun yi kore shar, gama damina ta zauna. Tun a hanya muka yi ta cim ma manyan motoci cike da shanu, duk sun nufi inda muka nufa, domin Jumma'a ce ranar kasuwar garin.

Baƙon da ya fito daga Kano, gada ce ke fara yi masa maraba. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu can sama, suka biyo ta nan, suka nufi Haɗeja, amma mutanen garin Kogin Wudil suke ce masa. Tun da aka yi madatsar Tiga a 1974 ruwansa ba ya ƙafewa ko da rani. Daga kan gadar na hangi masunta cikin kwalekwale, da masu ɗiban yashi, da yara suna ta iyo a gefe. In an ƙetare sai hanya ta rabu, ɗaya ta yi Gaya, ɗaya ta yi Birnin Kudu.

A tarihi Wudil ƙasar Makaman Kano ce. An san ta da kasuwar shanu, da kifi, da ginin tukwane, da ɗinkin hannu na manyan riguna. An kuma san ta da ilmi. Akwai makarantar horon hafsoshin 'yan sanda, akwai kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Saboda haka ban yi zaton zan ga abin da na gani a gidan gwaggona ba.

Gwaggo tana da auta, yarinya mai shekara 13, taubashiyata. Ta gama firamare, tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ran Jumma'a tun da sassafe aka ɗora mata faranti na dafaffiyar gyaɗa ta nufi kasuwa. Ni ma da rana ta yi na bi wata maƙwabciya don in ba ido abinci. Jama'a, kasuwar Wudil sai wanda ya gani! A kara shanu iyakar ganinka, ga dillalai, ga Filani da sandunansu, ga fatake daga Kudu, ga ƙura. A tsakanin ƙattin mazan nan kuwa 'yan mata ƙanana ne ke ta ratsawa da faranti a ka, masu fura, masu awara, masu ruwan sanyi. Na ji irin maganar da wani yaron mota ya gaya wa ɗaya daga cikinsu, ba zan iya rubuta ta a jarida ba.

Sai dab da magariba auta ta komo. Gwaggo ta ƙirga kuɗi, ta ga ba su cika ba, ta hau ta da faɗa. Yarinya na kuka tana rantsuwa ba ta ci ko kwabo ba. Da dare na jawo ta kusa da fitila, na ce, "In mutum ya sayi gyaɗar ɗari uku da hamsin ya ba ki dubu, nawa za ki mayar masa?" Ta yi ta motsa yatsu, can ta ce, "Yaya, shi ne yake faɗa mini." Na ba ta littafin Hausa, ta yi ta kame-kame, layi uku suka gagare ta. Ashe ba sata take yi ba, cutarta ake yi. Na ji kunya ƙwarai, domin ni da na yi shekara uku a kwalejin horon malamai, ban taɓa tunanin in gwada 'yar gidanmu ba.

To, ga abin da ya ƙara sa ni tunani. Wanta, mai shekara 15, shi ma ba wani ƙoƙari yake yi a aji ba. Amma kullum in ya taso sai ya tafi zauren wani maɗinki a unguwarsu, ya zauna cikin samari bakwai ko takwas, kowa da allura da zare. Maigidan nasu ya fara ba shi aiki mai sauƙi, da ya ga hannunsa ya faɗa ya ƙara masa mai wuya, yana kuma ba shi ɗan lada. In lokacin salla ya yi ya tashe su. In yaro bai zo ba kwana biyu ya aika gidansu a ji ko lafiya. Watau yaron nan yana da babba mai lura da shi, da wurin zama sananne, da sana'ar da kullum yake ganin ci gabansa a cikinta. Ita kuwa ƙanwarsa farantin talla kaɗai take da shi. Daga Asabar zuwa Laraba makarantar Islamiyya takan riƙe ta da yamma. Alhamis da Jumma'a, da dukan safiyar hutu, titi ne malaminta.

Da na yi wannan ƙorafi sai maƙwabciyar nan ta ce, "Ai kuwa sai ki je ki ga Malama ran Alhamis." Don haka na ƙara kwana shida a garin.

Malama tsohuwar malamar firamare ce, ta yi ritaya. Gidanta ba wani babba ba ne. Da aka yi la'asar na tarar da ta shimfiɗa tabarmi biyu a gindin darbejiya a tsakar gida, 'yan mata 14 sun kewaye ta, daga mai shekara 11 zuwa mai 16. Ba allo, ba benci, ba bulala. Kowace yarinya ta zo da hular da take ɗinkawa da ɗan littafin rubutu guda. Da farko Malama ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Me ya faranta miki rai a makon nan, me ya ɓata miki?" Kowa ta faɗi nata, saura suna saurare. Sa'an nan aka buɗe littattafai. A ciki kowace ta rubuta kuɗin zaren da ta saya, da ladan ɗinkin da aka biya ta, da abin da ta ɗauka talla, da abin da ta komo da shi. Manyan suna duba wa ƙananan. Bayan haka wata ta karanta labari daga Magana Jari Ce da ƙarfi, saura na ɗinki, in ta yi tuntuɓe su gyara mata. Akwai mai riƙe da kuɗin adashinsu, akwai mai kiran suna, akwai mai shara, kuma duk wata ana sauya su, don kowa ta ɗanɗana riƙon amana. Kafin a kira magariba an watse.

Na ce, "Malama, yaya kika shawo kan iyayensu?"

Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ai ban ce da kowa ya bar talla ba. Da na faɗi haka da ba ki tarar da kowa nan ba. Yammaci ɗaya na roƙa. Da uwaye suka ga kuɗin talla ya daina yin giɓi, su da kansu suka riƙa turo mini ƙannen."

Na ce, "To, me ya fi wuya?"

Ta ce, "Zama. Duk Alhamis sai sun same ni, ko ana biki ko ana ruwa. Yarinya ba ta faɗa miki abin da ke cikinta sai ta tabbata mako mai zuwa ma kina nan. Akwai wadda ta yi wata huɗu tana zuwa kafin ta gaya mini wani mai shago yana tsare ta a hanya. Na je na sami uwarta, aka sauya mata hanya, aka kuma yi wa mutumin magana."

'Yan'uwa, kada wani ya ce wannan baƙon abu ne aka kawo mana daga Turai. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, ta ba kowace malfa, suna tattaro mata da 'yan mata daga ƙauyuka, ana koya musu addini da tarbiyya ba tare da aji ba. Su ne 'Yan Taru. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, a zauruka da gindin itatuwa dubban mutane suka koyi karatun boko. A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya don waɗanda aji ya wuce su. A Zariya kuma tun 2007 Cibiyar Ilmin 'Yan Mata take tara yara mata ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da babbar mace mai kula da ita, ana koya musu karatu da lissafi da zaman duniya da yardar iyayensu. Abin da Malama ke yi a gindin darbejiya jikan waɗannan ne.

Ba na cewa wannan zai maye gurbin makaranta. Awa biyu a mako ba za su gyara ajin da malami ɗaya ke fama da yara fiye da ƙima ba. Kuma ban ga laifin gwaggona ba. Da na ce ta bar auta ta riƙa zuwa, sai ta ce, "Ke kin yi boko kin sami albashi. Ita fa, wa zai yi mata kayan ɗaki? Da ribar farantin nan nake tara mata kwanuka." Gaskiya ta faɗa, kuma ba a ce da mai jin yunwa ya yar da abin da ke hannunsa. Muka daɗe muna ja, daga bisani muka shirya a kan Alhamis kaɗai. Ni kuma na ɗauki nauyin ribar wannan yammaci daga albashina har wata uku, mu ga abin da Allah zai yi. Ta ce in lissafi bai gyaru ba yarinya za ta koma faranti. Na yarda. Har yanzu wata ukun ba su cika ba.

Abin da na koyo a Wudil shi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a aji kaɗai ake tanƙwarar ba. Sa'o'in nan da ke tsakanin tashi daga makaranta da faɗuwar rana, lalle wani zai mallake su. In ba mu ba ne, tasha ce ko kasuwa.

Saboda haka ina kira gare ku, ku 'yan'uwana da kuka gama horon malanta kuna zaune gida kuna jiran a ɗauke ku aiki, da ku ɗalibai mata na jami'a, ta Wudil da sauransu, da iyayenmu malamai masu ritaya. Abin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ki nemi izinin maigida, ki gai da mai unguwa, ki bi uwaye gida-gida. Kada ki ɗauki fiye da yara 15. Ki zaɓi rana ɗaya wadda ba ta kasuwa ba ce, ba ta kuma Islamiyya ba. Ki fara da abin da ke hannunsu, ko ɗinki ko talla, ki sa karatu da lissafi a cikinsa. Ki ba kowace yarinya aiki. Ki fi yawan saurare bisa ga magana. In kuwa kin san ba za ki iya zama ba, gara kada ki fara, domin yaro ba ya manta wanda ya saɓa masa alkawari.

Ran Jumma'a da safe na kamo hanyar Kano. Auta ta raka ni har bakin gada da farantinta a ka, ga ɗan sabon littafi ta soke a ƙugu. Da mota za ta tashi ta leƙo ta taga ta ce, "Yaya, ɗari shida da hamsin ne!" Sai da muka ƙetare kogi sa'an nan na gane amsar tambayata ce ta daren Jumma'ar da ta wuce.

Duk wadda take da irin wannan taro a unguwarsu, ina roƙo ta rubuto wa wannan fili mu ji yadda suke yi, mu ƙaru da juna. Allah ya shirya mana zuriya, amin.