Ka Fara Duba Babban Yatsansa

Ɗana, tunda yanzu ka fara karɓar aikin ƙira da kanka, ba gyaran abin da wasu suka fasa kawai ba, akwai maganar da nake so ka riƙe game da wuyan jita. Mai saye zai shigo ya yi ta bayani a kan launi da sheƙin fenti da irin amon da yake so. Ka saurare shi, kuɗinsa ne. Amma launi na 'yan kallo ne, amo kuma na masu rawa. Shi makaɗin, abin da ke cikin tafin hannunsa tun daga fara wasa har a tashi shi ne wuyan, kuma shi ne zai sa ya ƙaunaci jitar ko ya rataye ta a bango, ya kasa gaya maka dalili.

Kada ka tambaye shi irin wuyan da yake so. Yawancinsu za su ce maka siriri, domin sun ji ana cewa siriri ya fi gudu. Ba shi kujera, miƙa masa kowace jita da ke shagon, ka ce ya kaɗa abin da ya saba kaɗawa. Kai kuma ka zagaya ta bayansa ka zuba wa babban yatsansa ido. Kada ka yanke hukunci a minti na farko, lokacin yana sane da cewa ana kallonsa. Jira sai kiɗan ya ɗauke masa hankali, hannun ya koma inda ya saba zama.

Za ka ga iri biyu. Akwai wanda ke kafa babban yatsa a tsakiyar bayan wuya, tafin hannunsa bai taɓa icen ba, yatsu huɗu sun miƙe a kan tsirkiyoyi. Galibi wanda malami ya koyar ke nan, ko wanda ya fara da jitar Sifen mai tsirkiyar roba. Akwai kuma wanda ke rungumar wuyan gaba ɗaya, babban yatsa ya leƙo ta sama, wani lokaci har ya danne tsirkiya mai kauri da shi, irin riƙon Jimi Hendrix. Yawancin waɗanda suka koya da kunne, a majami'u da wuraren biki, haka suke riƙo. Waɗannan mutum biyu ba za su taɓa jin daɗin wuya ɗaya ba, ko da tsawon yatsunsu daidai yake.

Masu ƙira suna kiran siffofin da haruffan boko, gwargwadon abin da za ka gani idan ka datse wuyan gida biyu ka dubi bakinsa. Mai siffar C zagayensa a sanyaye yake, ba ya ɓata wa kowa rai, shi ya sa masana'antu suka fi yin sa: ba su san hannun da jitar za ta faɗa ba. Mai siffar U kakkaura ne, gefunansa a cike, kamar na Telecaster ɗin Fender na farkon shekarun 1950. Mai siffar V yana da tozo a tsakiya, gefuna a zaftare. Fender ta yi irinsa a 1956 da 1957, kuma Eric Clapton ya so shi har aka sa wa jitar da ke ɗauke da sunansa V mai laushin tozo. Ga mai leƙo da babban yatsa wannan ni'ima ce, domin tozon yana zama a kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ba abin da ya tare hanya. Ba wa wancan mai kafa yatsa a tsakiya ka ga yadda zai yamutsa fuska, yatsan nasa yana ta zamewa daga kan tozo. Shi D yake bukata, mai shimfiɗaɗɗen baya, inda yatsa zai sami wurin tsayawa.

To, ga abin da samari ba sa ganewa da wuri. Kauri daban, kafaɗa daban. Kafaɗa ita ce inda bayan wuya ke lanƙwasowa ya haɗu da allon da ake danna tsirkiya a kai. Wuya biyu za su iya yin milimita 22 cif a firet na farko, wato ƙarfen farko da ke gicce a kan allon, ka ɗauki ɗaya ka ji ya cika maka hannu har ya gundure ka, ka ɗauki ɗayan ka ji kamar don kai aka sassaƙa shi. Bambancin yana kafaɗa. Idan mutum ya ce wuya ya yi masa kauri, sau da yawa kafaɗar ce ke tokare masa gindin manuni, kuma 'yar kankara kaɗan a gefe za ta raba gardama. Wanda bai sani ba sai ya hau tsakiyar da magagari, ya cinye icen da ke riƙe da ƙarfin wuyan, makaɗin kuma ya dawo da kukan da ya tafi da shi.

Ban ce siriri ba shi da masu shi ba. Ibanez ta fito da wuyan da ta kira Wizard a 1987, milimita 17 kacal a firet na farko, kuma masu gudun yatsa da ke riƙo sama-sama sun same shi yadda suke so. Sai dai wanda zai tsaya a filin biki a Agadas yana maimaita kiɗa ɗaya har dare ya raba, ko wanda zai danne tsirkiya shida da yatsa ɗaya tun daga waƙar buɗe sujada har ta rufewa, ba gudu ne damuwarsa ba, gajiya ce. Idan wuya ya yi siriri sai a bar rami tsakanin ice da tafin hannu, naman gindin babban yatsa ya ɗauki aikin matsewa shi kaɗai, kafin awa guda ya fara zogi. Duk wanda ya yi noma ya san ƙotar fartanya siririya ta fi mai cika hannu saurin gajiyar da mutum. Na ga masu ƙananan hannuwa da suka sami sauƙi a kakkauran wuya mai zaftarriyar kafaɗa, suna mamaki.

Kuma ice yana da iyakarsa. Tsirkiyoyin ƙarfe na jitar da ba ta lantarki suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana. Kafin wani ma'aikacin Gibson mai suna Thaddeus McHugh ya ƙirƙiro sandar ƙarfen da ake ɗaurewa a cikin wuya, wadda aka ba shi rajistarta a 1923, kauri ne babban abin dogaron maƙera, shi ya sa tsofaffin jitoci suke da wuya kamar na bijimi. Yau sandar ta ba mu dama, amma ramin da ka haƙa mata ya riga ya ci wani abu. Ka bar aƙalla milimita 3 na ice a bayanta. Ka auna zurfin ramin ka rubuta a jikin icen kafin ka manne allon, domin bayan nan ba ka ganin komai.

Maɗacinmu ɗan'uwan mahoganin da Turawa ke saye ne da tsada, kuma yana yin wuya mai kyau idan ya bushe sosai, jijiyarsa a miƙe. Wanda aka yanko bara ba naka ba ne, ko da mai katako ya rantse. Maɗobiya kuwa ta dace da allon yatsu, sai dai an sare ta an yi ta lodi zuwa Sin har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017, don haka ka yi tattalin guntayen da ka samu. Sannan ka tuna da hunturu. Jitar da ka gama da damina, iska na busawa allon zai tsuke, ƙarafunan firet ba za su tsuke ba, sai bakinsu ya fito yana yankar hannu. Duk kyan siffar da ka fitar, wannan kaɗai ya isa ya ɓata ta. Ka goge bakunan su yi sumul, ka ɗan kashe kaifin gefen allon, ka kuma ce wa mai ita ya dawo da ita a watan Janairu.

Faɗi ba shi da wuyar sha'ani: milimita 42 zuwa 43 a saman wuya ga ta lantarki, 52 ga ta Sifen, mai kakkauran yatsu ka ƙara masa ɗaya ko biyu. Fenti mai sheƙi a bayan wuya kuma na shago ne. A zafin bazara hannu na yin gumi zai riƙa liƙewa. Shafa mai ka goge, ko ka dusashe shi da samfefa mai laushi.

Idan kana son ka burge, ka bar gefen sama da ɗan cika, ka zaftare na ƙasa inda yatsu ke zagayowa. Gibson ta yi haka a Les Paul na 2008. Amma ka tabbatar da hannun da mutumin ke kiɗa da shi tukuna. Mdou Moctar na Nijar bahago ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Wuyan da aka karkata wa na dama, a hannun bahago baibai yake.

Yadda nake yi shi ne in tsaya da sauran ice, wajen milimita ɗaya fiye da abin da nake nufi, in ɗaura tsirkiya tun ba fenti, in aika a kira mai ita. Ya kaɗa, in karɓa in kankare, in mayar masa. Ba na tambayarsa ko ya yi, domin kunya za ta sa ya ce ya yi. Kafaɗarsa nake kallo da tsintsiyar hannunsa, da ko yana tsayawa ya yarfe yatsu. Idan muka daidaita sai in yanki kwali biyu daidai da bayan wuyan, ɗaya a firet na farko ɗaya a na goma sha biyu, in rubuta sunansa da shekara in jefa a akwati. In ya dawo neman ta biyu bayan shekaru, kada ka ɗauko kwalin ka hau aiki kai tsaye. Sake ba shi kujera. Gaɓoɓi suna taurin tsufa, kuma da yawa daga waɗanda na yi wa siriri suna samari, da furfura ta fito mai cika hannu suka nema.