Barmani A Bayan Zaure

A Funtuwar da na tashi a cikinta, mawaƙa biyu ne suka raba garin tsakaninsu. Alhaji Mamman Shata ke da tasha da kasuwa da teburin mai shayi, kaset ɗinsa a fili ake sa shi a ƙure murya. Hajiya Barmani Coge kuwa daularta na bayan zaure. A ɗakunan mata ake jin ta, an rage sauti, an ajiye yarinya a bakin ƙofa tana sauraron gyaran muryar maigida. A gidanmu ni ce yarinyar nan, kuma ban san abin da nake gadi ba.

Na fara ganin ta ido da ido a 1987, shekarar da aka cire jihar Katsina daga ta Kaduna. Lokacin hunturu ne, an sayar da auduga, kuɗi ya shigo hannu, Goggo ta tashi aurar da autarta. Ta rantse sai Barmani ta yi wasa a bikin. Malam, mahaifinmu, ba ya ƙaunar kiɗa ko kaɗan, amma Goggo yayarsa ce, ba shi da bakin magana. Ya bar Inna ta je. Ya bar amaryarsa ma ta je, wadda ya auro a farkon damina, wadda tun zuwanta Inna ba ta ce mata uffan ba, ba ta ce wa kowa uffan ba, sai dai ramar da take yi kullum.

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka rataya fitila a jikin rumfa. Ko'ina ƙamshin turaren wuta da lalle da man da aka soya alkaki. Mata masu kiɗan amada suka zauna a jere, manyan ƙore a kife a gabansu, ɗaya tana yawo a kan ruwa cikin daro. Da suka fara duka, a ƙirji na ji kiɗan kafin kunnena ya kama shi. Namiji baligi ko ɗaya babu a wurin, sai yara maza da suka maƙale a kan katanga ana korar su suna dawowa.

Daga kaset na san muryarta, amma ban san da dukkan jikinta take waƙa ba. Ta jefa baiti 'yan amshi su cafe, kafin su dire ta riga ta zama wata mace daban. Ta ɗaure fuska ta zama uwargida mai kishi. Ta yi fari da ido, ta karya wuya, ta zama amarya mai yanga. Da ta kai ga waƙar nan tata mai kirarin abin da Allah ya hore wa mata ta baya, ta juya wa taro baya ta taka rawa, tsofaffi suka rufe baki da gyale, guɗa ta tashi ta ko'ina. Ni dai dariya nake yi don na ga ana yi. Rabin maganganun sun fi ƙarfin shekaruna.

Sai ta shiga waƙar kishiya.

Cikina ya ɗuri ruwa. Inna na zaune a damata, amaryar Malam na gaba kaɗan, kowa a wurin ya san labarin gidanmu. Na ga idanu suna juyowa a sace. Na tabbata yau za a yi abin kunya, ko a yi kuka ko a yi dambe, kuma Malam na can zaure da baƙi, bango ɗaya ne tsakani. Na riƙe gefen zanen Inna, abin da ban saba yi ba, don ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta kamawa.

Jikinta na ji yana rawa. Na ɗaga kai ina tsammanin hawaye, kuma hawayen ne, amma dariya take yi, dariya mai fitowa tun daga ciki, wadda ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Ta miƙe, ta kwance bakin zanenta, ta zaro takardar naira ɗaya da ta sule biyar, kuɗin ƙulin da ta sayar, ta ratsa mata ta liƙa wa Barmani a goshi. Wuri ya kaure. Amarya ta sunkuyar da kai, amma kafaɗunta na motsi, ita ma dariyar ta ci ƙarfinta. Ba zan ce muku daga ranar suka zama aminai ba. Abin da na gani shi ne, a hanyar komawa gida Inna ta karɓi fitila daga hannunta ta haska musu hanya su biyu.

Washegari na kifa ƙwaryar tatar koko a cikin daro, na samo tsinke biyu, na ɗaura ɗankwali a ƙugu ina kwaikwayon abin da na gani. Goggo ce ta riske ni. Ta fizge ƙwaryar ta ce, "Ke 'yar malam ce, ba 'yar maroƙa ba. Kada in ƙara gani." Goggon da ta kashe kuɗinta ta gayyato Barmani, wadda ta fi kowa rawa daren jiya. Na yi kuka sosai, ba don faɗan ba, don na kasa haɗa abubuwan nan biyu a kaina. Har yau ma ban gama haɗa su ba.

Da na je karatu Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, nakan je kallon wasannin da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo ke yi, inda ake gwama waƙa da rawa da ban dariya a dandali ɗaya. Ina zaune ina kallo na gane cewa na riga na ga gwanar wannan fanni, ba labule, ba rubutaccen labari, da ƙore kawai da 'yan amshi. A lokacin ne kuma na fahimci abin da ya faru da Inna. Macen da ke kulle a zamanin ba ta da inda za ta kai ƙarar zuciyarta; in ta yi magana a ce ba ta da haƙuri. Barmani, kamar Uwaliya Mai Amada da ta gabace ta, ta ɗauki abin da mata ke haɗiyewa ta faɗe shi da ƙarfi a gaban kowa, ta yadda ba wanda za a kama da laifi. Kuma ba kishi kaɗai ta taɓa ba. Ta yi wa haihuwa waƙa, ta yi wa macen da ba ta da sana'a tatas, ta nace mata su nemi na kansu. Na san matan unguwarmu da yawa da suka riƙe wannan magana suka kama saƙa da suya da kitso.

Masu cewa batsa ce kawai a bakinta ba su zauna a tabarmar nan ba. E, tana sakin magana, wani lokaci har ta yi yawa, amma a taron mata take yi, inda kakanninmu ma suke yin ta. Abin da ke mini ciwo shi ne yadda muka sha dariyarta shekara da shekaru, muna kuma raina sana'ar da ta ba mu dariyar.

Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta rasu a Funtuwa ranar 2 ga Maris, 2013. Ina roƙon masu rubuta tarihin wasan kwaikwayon Hausa su ba ta gurbinta a cikin 'yan wasa, kada su bar ta a babin mawaƙa kaɗai. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta.